Farin da ke Tsakani

A saman tudun Valparaíso, inda matakala ta fi titi yawa,
Eulogio Barraza yana zana mutum ɗaya
shekara goma sha ɗaya ke nan.
Littafin zane ne, shafi ɗari biyu da 'yan kai,
kowane shafi an yanka shi ɗaki-ɗaki,
kowane ɗaki da mutumin a ciki.

Bai ba shi fuska ba.
Hula kawai, da kwat mai faɗi,
da ƙofa ɗaure a bayansa kamar goyo,
ƙofa ba bango, ba gida.
Mabuɗin na rataye a wuyansa tun shafi na uku,
ko sau ɗaya bai kai hannu ba.

Nélida, mai cika masa baƙi da tawada
ranar Talata da Juma'a,
ta ce, Wai me zai hana ya sauke ta ya huta?
Ya ce, Ranar da ya sauke
dole ya faɗi wane gefe ne ciki, wane ne waje.
Ta yi shiru, ta ci gaba da baƙanta teku.

Bisa kan mutumin akwai kumfar magana,
fanko, ko wasali babu.
Mai ɗab'i ya bugo waya daga Santiago, yana zaton mantuwa ce.
Ba mantuwa ba ce.
Baki mutumin ya buɗe,
ya tarar ba wanda ya rubuta masa abin faɗa.

A shafi na tamanin agogon tasha ba shi da hannu.
A na casa'in inuwarsa ta riga shi tsallaka titi,
ta tsaya can tana jiransa kamar mai bin bashi.
Karen da ke biye da shi kuwa fuska gare shi sarai,
ido, gira, har da tabon tsohon faɗa.
Kare ya gama zama kare tun ranar haihuwa,
in ji Eulogio,
mutum ne ake haifa da sauran aiki.

Amma ba zanen ke hana shi barci ba.
Siririn farin nan ne tsakanin ɗaki da ɗaki,
faɗinsa bai wuce farce ba.
A hagu mutumin ya ɗaga ƙafa a bakin gada.
A dama ya riga ya taka.
Ba mai karatun da ya ga sa'ad da ya yanke shawara.
Can aka yi komai,
inda alƙalami bai bi ba.

Shi ma yana da nasa farin.
Wata safiya jirgin ruwa na kuka a tasha,
tikiti na aljihunsa,
ƙanensa Abelardo a kan bene yana yafito shi.
Ɗaki na gaba:
ga shi yana hawan matakala shi kaɗai, burodi a hammata.
Shekara arba'in yana leƙen tsakanin nan
ko zai ga wanda zai ɗora wa.
Duk leƙawa, takalminsa yake gani.

Jiya suka kai shafin ƙarshe.
Hazo ya rufe tasha, motar tudu na ƙugi a kan igiyarta.
Mutumin na tsaye, ƙofa a baya, teku a gaba,
sai ɗigon tawada ya kuɓuce wa Nélida
ya faɗa daidai ƙarƙashin hular.
Ta yi wuf za ta ɗauko farin fenti.
Tsohon ya riƙe mata hannu.

Suka daɗe a sunkuye.
Ɗigon ya bushe, bai yi kama da ido sosai ba,
amma su biyun ba wanda ya iya cewa ba kallonsu yake ba.

Nélida ta ce, To, yanzu fa?
Ya ce, Dafa mana shayi.
Ya jawo sabuwar takarda,
ya ja layi huɗu, ya yi ɗaki,
ya zauna a bakinsa.