Gurgu Biyu

Ruwan Kumasi ya sauko Aboabo,
ya cinye rabin saƙon da ke kan iska.
Adiza na gindin turken sabis,
kwamfuta a cinya, shayi ya huce.

Kakanta farke ne:
huhun goro ya ɓace a hanyar Salaga,
sai wata uku a sani.
Ita kuwa kunya ta koya wa na'ura:
kar ki ce "ya iso" bai iso ba.

Guntun da ya zo a fashe,
kar a zubar.
A ajiye, a ce "sake".
Na biyun ma da ɗingishi?
A haɗa gurgu biyu, su yi tafiya.

Ƙarfe uku, fitila ta yi kore.
Can Nima wata uwa ta ji
muryar ɗanta, har tarinsa.