Rumbun da Ke Ƙarƙashin Ƙafa

Ubana Barma mahaƙin rijiya ne.
Shekara talatin yana roƙon dutsen Damagaram ruwa,
dutsen yana ba shi tartsatsi.
Gaba goma sha biyu a Garin Malam, ya tarar da fa,
ya kama igiya ya fito, ya yi taimama.

Ranar da ya daina nema, damina ce.
Yana zaure yana kallon indararo
na zubar da abin da muke saye da bazara,
bido ɗaya dala hamsin, in ka samu mai kura.
Ruwan ya bi lungu, ya kwashi leda da kashin awaki,
ya je tabki ya kwanta, ya zama gonar sauro.
Ya ce: mun iya ɓoye hatsi,
mun kasa ɓoye uwar hatsi.

Sai ya haƙa tsakar gidanmu,
ba don ya samu ba, don ya ajiye.
Maƙwabta suka leƙo ta katanga:
tsufa ya kama Barma,
ya yi rijiya ya shafe gindinta da siminti,
ta ina ruwa zai ɓullo?
Ya nuna sama da cebur.

Ruwan fari ya bar shi ya wanke rufi.
Na biyu ya bi ta tsakuwa, ta yashi, ta gawayi,
ya sauka cikin duhu inda rana ba ta da hannu.
Marfin ƙarfe, kwaɗo guda,
mabuɗi a bakin zanen innarmu Gaptiya.
Wata shida muna taka shi muna wucewa,
muna shanya kuɓewa a kansa.

Bazara ta zo da azumi a goye.
Famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru.
Ƙarfe uku na dare, layin bido rawaya
daga bakin famfo har kwanar masallaci,
kowa ya aza dutse ya riƙe masa wuri.
Birni na jira, Zango na jira,
shato a tsaye kamar tukunyar da aka manta.

Innarmu ta kwance bakin zane.
Da marfin ya ɗaga, ƙanshin Agusta ya fito,
sanyi ya taɓa mu a gwiwa.
Guga ya sauka, muka ji ya ce tsulum.

Wanda ya fara zuwa da bokiti
shi ne ya fi kowa dariya ta katanga.
Ubana bai ce komai ba.
Ya zura sanda, ya duba inda ta jiƙe,
ya ƙirga kwanakin da suka rage kafin hadari,
ya ce: bokiti biyu kowane gida.

Yau in hadari ya taso ta gabas
ina hawa dutse in dubi rufin garin nan duka,
ina lissafin da ya koya mini da sanda,
ruwa kuwa yana ta gudu a lungu.