Libarbar Saje Nababa

Keken ɗinki na je saye a Gwagwarwa,
tsoho, mai feda, na gidan mamaci.
'Yarsa Tasalla na tsaye da tsintsiya a hannu,
ta ce, "Haɗa da ƙunshin can, malam, kyauta,
ni dai ba zan ƙara kwana ɗaki guda da shi ba."

Guntun bargon soja ne, ɗaure da igiyar takalmi.
Sai bayan isha na kwance shi a shagona na Fagge,
na ja ƙyaure, na rage fitila.
Ga ta kwance, baƙa ƙirin kamar gindin tukunya:
libarba.

Nauyinta ya fi girmanta.
Ƙotar ta lotsa inda babban yatsa ke zama,
na sa nawa, ya yi iyo a ciki.
Gurbin wani ne, ba nawa ba.

Shekara talatin ina sauraron ƙarfe.
Keke in ya yi ciwo kuka yake min, in gane.
Wannan ko ta yi gum.
Kwana uku na jiƙa ta a kananzir cikin tsohon kwanon sha,
na bi ta da gashin kaza, da man keke, da tsinken sakace,
tsatsa na sauka ja kamar lalle,
sai ga kambin Bature, ga lamba,
ga alif ɗari tara da arba'in da biyu,
shekarar da ko babana bai yi kaciya ba.

Ran na huɗu na taɓa wani ɗan ƙarfe a gefe,
ta karye a tsaka, ta sunkuya
kamar raƙumi zai durƙusa.
Ɗaki shida a kewaye.
Biyar ba kowa, sai warin daɗewa.
Na shida an toshe shi da takarda
nannaɗe siririya kamar taba.

Da hantsakin zare na zaro ta.
Ajami ne, tawada ta koɗe, hannun bai iya ba sosai:
"Sule bakwai na Bukar Dikwa.
Ya faɗi a bakin kogi, ƙasar Bama.
Ban biya ba."

Na kai ta wa Gambo maƙeri a Ƙofar Wambai
cikin buhun gawayi, gabana na faɗuwa.
Ya ɗaga kunama, ya leƙa, ya kai ta hasken ƙofa,
ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.
"Haƙorin da ke saran harsashi babu shi.
Ba tsatsa ta ci ba, dubi sawun magagari.
Mai ita ne ya zauna, ya goge, a nitse.
Ko sauro wannan ba za ta kashe ba."

Na san Saje Nababa, ashe ban san shi ba.
Mai gadin masaƙa ne a Bompai,
muna yara muna bin sa da lef-rai, lef-rai,
ya juyo ya sara mana, ya raba mana gyaɗa.
Ko sau ɗaya bai ce ya taɓa harbi ba,
bai kuma ce bai taɓa ba.

Na je caji ofis neman takarda.
Kofur ya juya ta, ya ce, "Wannan ai kakarmu ce,"
ya rubuta, ya buga hatimi, ya sha shayina.
Yanzu tana aljihun tebur, ita da kwarkwaro da allurai,
wata rana in fiddo ta in danne yadi
in iska ta matsa wa labule.
Ta saba da ni. Ni ne ban gama sabawa ba.

Sule bakwai nawa ne yau?
Na tambayi 'yan canji a Wapa, suka bushe da dariya,
wani ya ce kuɗin akuya, wani ya ce na goro.
Ran Juma'a na ɗebi cinikin mako, ban ƙirga ba,
na zuba a akwatin masallaci da sunan Bukar Dikwa.
Ban san ko ya isa ba.
Takardar dai na mayar ɗakinta na shida.
Ban yage ba.