Hancin Jar Mota

Ranar Talata aka sauke ta a ƙofar garejin Ermes,
a wani ƙauye gabas da Modena,
ana yayyafi.
Ja ce, kujera biyu, ba rufi,
ta girmi mai ita da shekara tara.
Hancinta ya shige ciki
kamar bakin da haƙora suka ƙaurace wa,
fitilar hagu na reto a jikin waya,
lagireto ya tsiyaye tun a hanya.

Mai ita, Ottavia, ta ce zomo ne.
Zomo ya gilma, ta kauce,
katangar gonar inabi ba ta kauce ba.
Ta ce motar mahaifinta ce.
Ba ta ƙara ba, Ermes bai tambaya ba.

Ni ce mai miƙa masa guduma.
Nives sunana, shekarata biyu a nan,
har yau ba na taɓa ƙarfe
sai yana bayana yana tari.

Kwana uku bai bugi komai ba.
Sai zagaye ta yake da kofin gahawa,
ya tsuguna, ya shafa, ya lumshe ido.
Ya ce, Ƙarfe ba ya manta hanyar da ya bi ya lotse.
Lotsawar ƙarshe ita ake fara fiddawa,
ki bi sawun haɗarin da baya da baya
kamar mai neman makullin da ya yar.

Muka cire bamba, muka kwance notuna,
wasu sai da wuta, tsatsa ta riƙe su gam.
Muka ɗaure shasi da sarƙa, muka ja
kaɗan,
muka auna, muka sake ja,
ƙarfe na nishi,
ƙararrawar coci na ƙirga mana yini.

Da na kankare fentin gefen dama
sai ga dalma a ƙasa, tsohon ɗinki,
sawun guduma a jere kamar ƙwayar masara.
Ermes ya sa tabarau. Ya daɗe.
Ya ce, Hannun Gualtiero ne, maigidana.
Ba mai bugu uku-uku ya huta sai shi.
Ashe ba yau ta fara cin katanga ba.
Ya yi dariya har tari ya ƙwace ta,
ya fita ya tsaya cikin ruwa ba hula.

Ran Asabar muka nuna wa Ottavia.
Ta ce, Babana?
Mutumin da keke ke wuce shi a kan titi?
Ya mutu yana cewa ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba.
Ta ɗora yatsa a kan tabon,
ta zauna bisa tsohuwar taya da fararen kayanta.
Can ta ce, Kada ku cire shi.

Sabon falle muka yanka na alminiyom,
muka ɗora a kan kututturen da ya yi kwarmi don shan duka.
Na auna ramin fitilu:
na dama ya ɗara na hagu da kaurin yatsa.
Na ce mu daidaita su.
Ya ce, Wa ya aike ki gyaran Gualtiero?
Mayar mata da fuskarta.

Sannan ya miƙo mini gudumar,
mai ƙotar da gumin mutum biyu ya baƙanta,
ya ja kujera ya juya mini baya.
Na buga. Ya ce, Kin yi tsoro.
Na buga. Bai ce komai ba.
Har magariba ina bugu yana saurare,
biyu-biyu hannuna ke zuwa, na kasa hana shi.

Wata huɗu. Fenti ya rufe mu duka,
ni da Gualtiero, gefe da gefe.
Ottavia ta tada ta, inji ya yi gyaran murya,
ta fita a hankali, ta sha kwana,
sai muka ji ta taka.

Ermes ya saurara har ƙarar ta ɓace.
Ya ce, Gado ne.
Ɗauki tsintsiya.