Ɓuntu

Shekara goma sha tara ina tura baro
daga bakin injin Alhaji Tanimu a Dakace
zuwa bayan katanga, inda ɓuntu ya yi tsauni.
Ni ke zubarwa, ni ke cinna masa wuta.
Ɓuntu ba ya ci da harshe,
ta ciki yake ci, kamar mai riƙo,
kwana bakwai yana hayaƙi
har mata su kwashe shanya suna yi mini Allah ya isa.
In damina ta sauka, Galma ta ja rabonta.

Akuya ta sansana ta wuce.
Kaza ta tona, ba ta samu ko tsaki ba.
Ni kuwa da ƙaiƙayinsa nake kwana.

Sai ga Suwaiba, 'yar Jatau mai faci,
wadda Samaru ta riƙe shekara biyar,
ta dawo da tukunyar ƙarfe ta fi soro tsawo,
bututu a nannaɗe kamar hanjin sa.
Ta damƙi ɓuntu, ta murza, ta ce,
"Baba Barau, kar ka ƙara zubar da wannan."
Na ce, "Yarinya, tuwonsa za ki tuƙa?"

Ba ta tanka ba.
Ta shaƙe wa wutar wuya, iska sai ɗan kaɗan.
Hayaƙin nan da ya ci mini ido
ta bi da shi ta ruwa, ta tace shi,
ta shayar da janareto.
Ya yi tari. Ya mutu. Na yi dariya.
Kwana uku tana kwance a ƙarƙashinsa da sifana.
Ranar Laraba bayan isha'i ya sake tari,
ya kama,
ƙwai ya haska a shagon Ƙasimu tela
yana tsaka da laluben allura.

Zafin ma ba a bar shi ya tafi a banza ba:
Kande mai gumar shinkafa ta daina cinikin itace,
baƙar tokar kuma masu tumatir na fadama ke layi a kanta.

Yanzu a sikeli ake auna barona.
Tsaunin ya kwanta, har ina hango masu su.
Ƙaiƙayin dai yana nan.

Jiya jikana ya ɗago daga littafi,
ya ce, "Wutar nan daga ina take zuwa?"
Na cire hula
na kakkaɓe masa a tafin hannu.