Jita Mai Tabo

Wata goma sha ɗaya ina tari
a gwangwanin madara, ƙarƙashin benci,
daga gyaran fanka da rediyo a Tudun Wada,
har rigata ta kama warin dalma.
Ran da na ƙirga, dubu tamanin da biyar,
biyar ɗin ma ta mota ce.

Na bi ta Wusasa na ɗauko Baba Istifanus,
wanda yatsunsa suka yi kanta tun ban zo duniya ba.
Ya ce, "Ka karya? Mai yunwa ba ya ciniki."
Muka sha koko a tsaye, sai Sabon Gari.

Shagon Uche, bayan masu taya.
Ga su jere a bango,
kowacce ta miƙe wuya kamar zalɓe a bakin rafi.
Idona ya faɗa kan wata ja,
ja wur, har ina ganin haƙorana a jikinta.
Zuciyata ta riga ta biya.

Baba bai ko kalli fentin ba.
Ya ɗora gindinta a kunci, ya kanne ido ɗaya,
yadda kafinta ke duban katako.
"Wuyan ya karkace. Yaro, fenti ba ya kiɗa."

Ta biyu, ya shafa gefen wuyanta,
ƙarafunan suka karce shi, ya tsotsi yatsa.
Ta uku kunnuwanta sun saki:
ka ɗaure tsirkiya, kafin ka yi atishawa ta sauka.
Ta huɗu aka jona a lasifika,
ba a taɓa ta ba take gurnani
kamar tsohon firjin mai ƙanƙara.

Sai aka ɗauke wuta.

Uche ya ja janareto, ya ja, ya zage shi da yarensu.
Baba ya ce, "Bar shi ya huta.
Waccan ta bayan kwali fa?"
Gwanjo ce, baƙa, ta sha hannu,
ga tabon wutar sigari a ƙugunta,
ga gurbin sunan wani da aka kankare.
Na kau da kai.

Ya kaɗa tsirkiya ɗaya, ba waya, ba wuta.
"Kara kunnenka a jikinta."
Na kara.
Motar siminti ta zo ta wuce,
mai ruwan leda ya yi talla ya gaji,
sautin yana nan cikin icen, bai gama tafiya ba.
"Wadda ta yi magana babu lantarki,
in wuta ta zo, huɗuba za ta yi."

Ɗari da ashirin, in ji Uche.
Na taya sittin, ya ce albarka, ya dafe ƙirji.
Baba ya nuna masa ramin waya yana lilo,
ya nuna tsatsa a maɓallin murya.
Sau biyu muna kaiwa bakin ƙofa.
"Kawo tamanin, don darajar tsoho."
Baba ya zari waya daga ƙusa, ya ce gyara.

Kuɗin lasifika kuwa, sai wata shekara.
Amma akwai rediyon da wani ya bar mini
damina uku bai waiwaye ta ba.
Na buɗe cikinta, na ɗiga dalma,
na zauna jiran wuta har bayan lisha.

Da ta zo, kwanukan Inna Kande suka amsa ta katanga.
Ta leƙo: "Ashe zancen ba jita-jita ba ne?"
Na ce, "Jita ce, Inna, guda ɗaya tak."

Kiɗa uku na iya, na ukun da ɗingishi.
Jar nan tana bangon Uche har yau.
In na wuce nakan saci kallonta,
ba zan yi ƙarya ba,
sannan in taka kekena in yi gida.