Lamba Sha Bakwai

Motar asibiti ta tsaya a lamba sha bakwai
ba ta yi jiniya ba.
Shekara tara ina tuƙa bas a garin Hull,
na san motar da ke sauri,
na san wadda ta riga ta makara.

Maureen Pickersgill, tamanin da ɗaya.
Ita ta fara ce mana sannu a layin nan
lokacin da sauran gidaje labule kawai suke ɗagawa.
Ita ta nuna wa Zuwaira ranar fitar da shara
da shagon da tattasai bai yi tsada ba.

Ɗanta ya zo daga Leeds da motar haya,
ya kwashe agogon bango, kujeru, hotunan aure,
sannan ya tsaya yana kallon karen
kamar bashin da aka manta a wasiyya.
"Mai gidan da nake haya bai yarda da dabba ba.
Shekararsa sha uku, wa zai karɓa?
Allura ɗaya ce, ba zai ji komai ba."

Ni da na tashi ina jifan karnuka a bayan mahautar Funtuwa,
ni da nake sauya hanya in na hango wutsiya,
bakina ya riga ni:
"Bar shi."

Zuwaira ta ce, "A gidan da muke salla?"
Na ce, "A rumfar baya, wajen keke."
Ta ci gaba da yanka albasa, wuƙar ce ta ba ni amsa.
Da sanyin dare ya sauko
na hango ta ta taga
ɗauke da tsohon bargon yara.

Yanzu riga biyu gare ni a ƙusa,
ta masallaci da ta Biskit.
Akwai kwanon da ba ya haɗuwa da kwanuka.
Rabin ƙwaya da safe, a cusa cikin cuku, saboda gwiwa,
haka Maureen ta rubuta a jikin firij
da hannunta mai rawa,
ta ja layi biyu a ƙarƙashin cuku.

Kwana huɗu bai taɓa abinci ba.
Yakan tura hanci ƙarƙashin shingen katako
inda iskar gidansu ke ɓullowa.
Ƙarfe huɗu na yamma, lokacin shayinta,
sai ya miƙe zumbur,
ya kaɗa wutsiya sau biyu,
sannan ya tuna.

Na san wannan tunawar.
Inna ta cika ina kan titin Hessle,
hannuna a sitiyari, fasinjoji cike a bayana.
Kafin in tashi aiki an dawo daga maƙabarta.
Har yau, duk Juma'a,
hannuna yakan lalubi waya.

Wani ya tare ni wajen takalma bayan Isha'i:
"Malam Bashari, an ce ka zama Bature."
Na ce, "An ce mana maƙwabci yana da hakki.
Ban ji inda aka ce hakkin
yana bin gawa kabari ba."
Ya yi dariya, bai gamsu ba.
Ni ma ba kullum nake gamsuwa ba,
musamman in ya lashe mini hannu
ina da alwala.

Bayan asuba mukan gangara bakin Humber,
shi da ɗingishi, ni da ciwon baya.
Ya iya "zo". Ya iya "zauna".
"Bari" ce har yanzu yake yi kamar bai ji ba.

Sababbin mutane sun shiga sha bakwai,
sun shafa wa ƙofar koren fenti.
In mun dawo yakan ja igiya, ya tsaya a dakalin.
Ba na jan sa.
Nakan karanta abin da ya sawwaƙa a zuci,
in jira,
har ya juyo da kansa
mu ƙarasa sha tara.